Baƙin Man Tsere da Injinan Fadamar Miga

Duk wanda ya taɓa kwana a Miga cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ruwan kogin Haɗejiya kuma ya ja da baya ya bar wa manoma fadamarsu, ya san cewa ba zakara kaɗai ke tashin mutane ba, domin tun kafin a watse daga sallar Asuba za ka fara jiyo rurin injinan ban-ruwa daga wajen Hantsu da sauran ƙauyukan bakin ruwa, wannan ya tashi, wancan ya amsa masa, har su haɗu su zama amo guda wanda ba ya yankewa sai rana ta yi gora. Kafin hantsi kuwa babura sun cika hanya, kowanne ɗauke da buhu biyu ko fasinja uku, suna kutsawa cikin rairayin da ya ba Jihar Jigawa sunanta, wasu sun nufi Jahun, wasu Dutse, ranar Lahadi kuma kasuwar Gujungu. Babu filin tseren motoci a wannan ƙasa, babu kuma wanda ake ba kofi don ya riga kowa isa. Amma duk da haka mas'alar da ke hana injiniyoyin tsere na Turai barci, wato wane irin baƙin mai ya kamata a zuba wa injin da ake tatsar iyakar ƙarfinsa, ita ce mas'alar manomin Miga da ɗan acaɓanta, ko sun sani ko ba su sani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani abu da na daɗe ina lura da shi a teburan masu sayar da baƙin mai na bakin hanya. Robobin sun yi sahu, kusan kowace da hoton motar tsere ko tutar nan mai zanen dara fari da baƙi, saurayi kuwa in ya zo da sabon babur sai ya nuna wadda hotonta ya fi ƙayatarwa, bisa zaton cewa man da ya ishi motar tsere lalle ya fi ƙarfin babur ɗinsa. Dattijon manomi shi kuma yana da nasa mizanin: ya buɗe murfi, ya ɗiga man tsakanin ɗan yatsa da babban yatsa, ya ja ya ga danƙonsa, in ya yi kauri kamar zuma ya ce wannan shi ne mai. Dukansu biyu niyyarsu kyakkyawa ce, kowanne yana son kare dukiyarsa, amma dukansu biyu sun gina hukuncinsu a kan ƙiyasin da ba shi da tushe, ƙiyasin da yakan ƙare a gaban bakanike, ana canza ringi da fistin.

Kada mai karatu ya ɗauka zuguguwa nake yi da na haɗa injin ban-ruwa da motar tsere. Lissafi ne, kowa ma na iya yinsa. Ƙaramin injin fetur da ake ɗora wa famfon ban-ruwa, irin Honda GX160 da 'yan'uwansa na Sin da aka kwaikwaya daga gare shi, yana juyi kimanin 3,600 a minti guda. In aka tashe shi da safe ya yi awa goma yana jan ruwa, ya yi juyi sama da miliyan biyu ke nan. Motar gasar Formula 1 kuwa, a ƙa'idar da aka kafa a 2014, an iyakance wa injinta juyi 15,000 a minti, tseren kuma ba ya cika wuce awa ɗaya da rabi, saboda haka ko da direban bai taɓa sassauta ƙafa ba, juyin injinsa ba zai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Sa'an nan ita motar tsere tana da tankin mai na musamman, da famfon da ke tura man da ƙarfi, da matata, da na'urar sanyaya shi, da ayarin masana da ke ɗibar man su auna shi bayan kowace fita. Injin manomi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Man da ke cikinsa ɗan abin da ya ɗara rabin lita ne, bai cika kwalbar lemo biyu ba. Ba shi da famfon mai, wani ɗan cokali ne a ƙasan kwanarod ke fantsama man yana watsa shi sama. Ba shi da lagireto, iska ce kawai ke fifita shi, iskar kuwa a watan Afrilu zafinta kan haura digiri 40. In akwai injin da ya cancanci a yi masa zaɓen mai da natsuwa da ilimi, to wannan ne.

Baƙin mai ba aiki ɗaya yake yi ba, shi ya sa ba a auna shi da siffa ɗaya. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya zama shamaki, siririn da bai kai kaurin silin gashi ba, don kada su gogi juna. Yana ɗebe zafi daga ƙarƙashin fistin ya kai shi inda zai huce. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin wuta ya zurare. Yana kuma kwashe baƙin hayaƙi da datti ya riƙe su a jikinsa har ranar juye, ya hana tsatsa. Daga nan za a fahimci kuskuren masu cewa man da ya yi saurin yin baƙi ba shi da kyau. Sau da yawa akasin haka ne gaskiya, domin man da ya yi baƙi wanki ya yi, wanda kuwa ya fito fes bayan wata guda a cikin tsohon inji, akwai tuhuma cewa ya bar dattin a can ciki ya manne.

Tarihin man tsere kansa ya faro ne daga wata shuka da ke tsirowa a bayan danga da juji a garuruwanmu ba wanda ya kula ta, wato zurma, wadda wasu ke kira cika-gida. A farkon ƙarni na ashirin, sa'ad da injinan motoci da na jiragen sama suka fara gudun da man ƙasa na lokacin ba ya iya jurewa, sai aka gano cewa man zurma yana manne wa ƙarfe mai zafi ba ya guduwa. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wakefield, wanda ya kafa kamfaninsa a 1899, ya fitar da mai mai haɗe da shi, sunan Castrol ma daga sunan zurma a Turance aka ciro shi. Jiragen saman Yaƙin Duniya na Ɗaya da yawa da man zurma suka tashi, masu tseren motoci da babura kuma suka riƙe shi shekara da shekaru. Amma yana da illa babba: in ya daɗe a inji yakan daskare ya zama ƙaro, ya liƙe ringi, ba ya kuma haɗuwa sosai da man ƙasa. Masu tsere ba su damu ba, tun da bayan kowace gasa zubar da shi suke yi, su kwance injin su wanke. To, wannan ita ce ɗabi'ar man tsere na haƙiƙa har gobe. An yi shi don ya ba da iyakar kariya cikin 'yan sa'o'i, ana yawaita masa sinadarin tutiya mai kare ƙarfe daga gogayya, a wasu lokuta a rage masa sinadaran wanki da na hana tsatsa, domin ba wanda ya yi nufin ya kwana wata uku a cikin inji. Wanda ya zuba irinsa a motar hayar da ke zirga-zirga tsakanin Dutse da Kano, ya yi kilomita dubu biyar bai juye ba, ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi abin da bai dace da buƙatarsa ba. Ga shi kuma yawan tutiyar yana kashe matatar hayaƙin da ke cikin salansar motocin zamani. Galibin robobin da ke ɗauke da hoton tsere a kasuwanninmu ma ba man tsere ba ne, ado ne na masu talla, abin dubawa yana bayan robar, cikin ƙananan haruffa.

Waɗannan haruffa ba su da wuyar karantawa in an yi wa mutum bayani sau ɗaya. Na farko su ne na kauri, waɗanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta fara tsarawa tun 1911. In ka ga 20W-50, lambar farko mai harafin W tana faɗin yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a zafin digiri 100, wato kusa da zafin da yake aiki a cikin inji. Nan ne gwajin yatsa ke yaudarar mai shi, domin yatsa yana auna man ne a inuwar rumfa, alhali injin yana buƙatarsa ne a zafin tafasar ruwa ko fiye. Akwai man da zai yi maka danƙo a hannu, in ya ji wuta ya tsinke kamar ruwa, akwai kuma wanda za ka raina don rashin kauri, amma ya riƙe jikinsa cikin zafi. Irin na biyun nan shi ne fa'idar man haɗi na masana'anta, wanda ake kira sintetik, wanda Jamusawa suka yi nisa a bincikensa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma shiga kasuwar motoci sosai bayan fitowar Mobil 1 a 1974.

Ba na musun cewa 20W-50 yana da muhallinsa a ƙasarmu. Tsohuwar Golf ko Fijo da injinta ya sha aiki, kafofinsa suka buɗe, ga zafin bazara, mai kauri ne ya dace da ita, babura da yawa na irin Bajaj Boxer ma shi masu ƙera su suka ambata. Abin da nake inkari shi ne taƙlidin da ya mayar da shi maganin kowace cuta. Motocin da ma'aikatan Dutse ke hawa yanzu, irin Corolla da Camry na 'yan shekarun nan, an ƙera injinansu da ƙananan hanyoyin mai ƙwarai, har lokacin buɗewa da rufewar bawul ma da matsin mai ake sarrafa shi, shi ya sa za ka ga an rubuta 5W-30 ko 0W-20 a kan murfin. In aka ɗura wa irin wannan inji mai kauri, da safiyar hunturu man zai yi nauyin tashi, sassan sama su yi 'yan daƙiƙu suna juyi a bushe, alhali masana sun tabbatar cewa kaso mai yawa na cinyewar inji a waɗannan daƙiƙun farko yake faruwa. Mai mota ba zai ji komai ba ranar. Sai bayan shekara ya fara jin ƙara-ƙara yana neman dalili. Motocin da ke da turbo kuwa, wanda fankarsa ke juyi sama da dubu ɗari a minti cikin zafin hayaƙi, su ne mafi buƙatar sintetik, kuma mustahabbi ne direba ya bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, don kada man da ya tsaya a cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi.

Haruffa na biyu na daraja ne, waɗanda cibiyar man fetur ta Amurka, API, ke bayarwa. Na injin fetur suna farawa da S, harafin da ke biye kuma gwargwadon nisansa a jerin abacada gwargwadon sabuntarsa: SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Na injin dizal suna farawa da C, irin CH-4 da CI-4, su ne na tarakta da manyan motoci, galibi da kaurin 15W-40. Robar da aka rubuta wa SA ko SB, ko wadda ba ta da waɗannan haruffa sam, mai ne na zamanin kakanninmu, kusan babu sinadarin kariya a cikinsa.

Akwai na uku, wanda ya fi shafar matasanmu, kuma shi aka fi jahilta. A mota, injin daban, giya daban, kuloci kuma a bushe yake. A babur kuwa mai guda ne, kimanin lita ɗaya, yake yi wa inji da giya da kuloci hidima baki ɗaya, farantan kulocin a cikinsa suke wanka. Man motocin zamani an ƙara masa sinadarin santsi don a rage shan fetur, wannan santsin kuwa in ya shiga tsakanin farantan kuloci sai su riƙa zamewa. Za ka ga yaro ya murɗa totur a cikin yashi, injin yana kuka, babur ba ya tafiya, ya je a canza masa faranti, bayan wata biyu abin ya dawo, alhali laifin yana cikin roba. Don magance wannan ne Japanawa suka fitar da ma'aunin JASO a 1998: MA, daga baya har da MA2, na babur mai kuloci cikin mai, MB kuma na irin babura marasa giyar ƙafa. Haƙoran giya kuma suna tauna man suna karya kaurinsa, shi ya sa man babur ke saurin mutuwa fiye da na mota. Ƙaramin janareton nan da tsofaffin babura masu hayaƙi, waɗanda ake gauraya wa mai da fetur, nasu daban ne, shi ne mai alamar 2T, wanda aka yi don ya ƙone tare da fetur. Zuba musu baƙin man mota yana cika filogi da salansa da toka.

In ana neman tseren da ya yi kama da rayuwarmu, ba sai an je Turai ba. Ranar 26 ga Disamba, 1978, wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya sallami ayarin motoci da babura 182 daga Paris zuwa Dakar, suka keta Aljeriya suka biyo ta Agadas da Yamai, ƙasa da rabinsu ne suka kai. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 ya yi tafiyar, babur mai silinda ɗaya wanda iska ke sanyaya shi, ɗan'uwan waɗanda ke fakin a bakin kasuwar Miga, sai dai ya fi su girma. Gasar ta daɗe tana ratsa hamadar Nijar kafin ta koma Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Abin da makanikan wannan gasa suka sani, kuma suke aikatawa kowane dare a zango, shi ne cewa babban abokin gabar inji a Sahara ƙura ce. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri, in ta tsallake matatar iska ta gauraya da mai, sai man da aka zuba don kariya ya koma abin wasa wuƙa, yana cin ringi da kowane juyi. Mu nan muna zaune cikin wannan ƙura daga Nuwamba har Maris, amma sau nawa na ga injin ban-ruwa yana aiki an cire masa soson matatar iska gaba ɗaya, wai don ya ƙara ƙarfi. Wannan abu yana ƙona mini rai ƙwarai, domin soson da ake wankewa da sabulu, a shanya, a ɗan shafa masa mai a mayar, shi ne mafi arhar kariyar da inji ke da ita, babu kuma man da zai maye gurbinsa komai tsadarsa.

Sai maganar jabu, wadda ita ce musibar da ta fi duk waɗanda na ambata. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ita ce aka gina da sashen fitar da tushen baƙin mai, amma ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata, saboda haka masu haɗa mai a Kano da Legas da sauran wurare daga waje suke shigo da tushen, farashi kuma yana bin dala. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya ƙara tsada, talaka ya koma man awo, wanda ake ɗebowa daga duro a zuba a gorar ruwa. Wani tushen mai ne tsura ba sinadari, wani kuma tsohon mai ne da aka juye daga motoci, aka tace, aka sake ɗurawa a robar kamfani. Malamanmu sun yi bayani isasshe a kan haramcin algus a ciniki, wannan kuwa algus ne mai ninkin zalunci, domin mai saye ba ya ganin aibin sai ranar da injin ya buga a tsakiyar rani, shinkafa ko alkama tana neman ruwa, kuɗin gyara kuma sai an ci bashi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da hatiminta a kan man da ta amince da shi, kuma takan kama masu wannan sana'a, amma ƙauyuka sun yi mata yawa. Abin da ke hannun mai saye shi ne ya sayi mai a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ya duba murfi ko an taɓa ɓalle shi, ya tsaya a juye a gabansa, in an gama kuma ya huda robar, domin robar da aka bari lafiya ita ce ke dawowa kasuwa da wani abu a cikinta.

Game da lokacin juye, masu ƙera injin ban-ruwa irin na Honda sun ce sabon inji a juye masa bayan awa 20 na farko, domin ɓarɓashin ƙarfen da sabbin sassa ke zubarwa ya fita, daga nan kuma kowace awa 100, a gaggauta in wurin mai ƙura ne. Awa 100 ga mai ban-ruwa kullum kwana goma ne kacal, ba daga shuka zuwa girbi ba kamar yadda wasu ke yi suna ƙara sabo a kan tsoho. A ra'ayina mai matsakaici na gaskiya, wanda ake juyewa a kan kari, ya fi sintetik mai tsada da aka bari ya tsufa cikin ƙura, musamman a injin da ba shi da matatar mai. Waɗanda suka mayar da injinansu kan tukunyar gas saboda tsadar fetur su ƙara kula, domin gas ba ya baƙanta mai, sai mutum ya ga man garau ya zaci yana nan da ransa, alhali zafi ya riga ya cinye sinadaransa. Su ƙirga awa, kada su dubi launi. Haka nan a shekarar ambaliya, irin ta 2022 da ta shafe gonaki a ƙananan hukumomin bakin kogin Haɗejiya, duk injin da ruwa ya taɓa a zare sandar awo a duba: in man ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, kada a ja igiya sai an juye, a zuba sabo, a ɗan tashe shi, a sake juyewa.

Tsohon man da aka juye kuma kada a malalar da shi a bakin rijiyar ban-ruwa, kamar yadda nake gani a fadama. Rijiyoyin nan gajeru ne, ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai, daga gare shi ake shayar da tumatir da albasa, makiyaya kuma a kududdufan wurin suke shayar da shanu. A tara shi a jarka a kai wa masu buga bulo ko kafintoci masu shafa wa katako don gara, suna karɓa, wasu ma har da ɗan kuɗi.